Zaɓen Kibod Mai Sifirin Don Wasa Da Rubutu

Kibod mai sifirin shi ne allon rubutun kwamfuta wanda kowane maɓalli a jikinsa yake da nasa makunni a ƙarƙashi, saɓanin na gama-gari wanda dukkan maɓallansa suke zaune kan shimfiɗar roba guda. Kamfanin Cherry na Jamus, wanda ya fito da makunnan MX a shekarun 1980, yana bambanta su da launi, kuma a nan zaɓi ya ta'allaƙa. Jan makunni yana nutsewa sumul ba tare da tuntuɓe ba, shi ya sa masu wasannin kwamfuta suke ƙaunarsa, alhali shuɗi yana yin ƙas a tsakiyar dannawa, ƙarar da takan faranta wa marubuci rai amma ta hana abokan zamansa sakat. Mai ruwan ƙasa yana ɗan tokarar yatsa ba tare da wannan ƙarar ba.

Cikakken allo maɓalli 104 gare shi, wanda aka cire wa ɓangaren lambobi kuwa 87, abin da yake bar wa linzamin kwamfuta fili a tebur. Ga wanda yake haɗa wasa da rubutu da allo ɗaya, makunni mai ruwan ƙasa ya fi dacewa.