Tsara Taswirar Duniyar Ƙage Bisa Kamannin Zamanin Alli

1.0 Gabatarwa

Tun fitowar Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, ƙagaggen labarin Hausa ya fara leƙa sararin samaniya. Sai dai marubucin da ya ƙagi duniya tasa, dole ya ba ta ƙasa da teku da iska, abin da galibi taswira ke ɗauke da shi. Wannan maƙala za ta yi bayanin wata hanya ta samar da irin wannan taswira, wato aron kamannin da duniyarmu ta taɓa yi a wani tsohon zamani. Amfanin aron shi ne, komai na cikinsa yana da dalili, saɓanin taswirar da aka zana da ka. Ko taswirar Tolkien, duk da shahararta, masana ilimin ƙasa sun sha sukar duwatsun Mordor da suka yi kusurwa kamar katangar gida.

2.0 Zamanin da Aka Zaɓa

Zamanin da za a yi misali da shi shi ne Kiritashiyos, wanda ya fara kimanin shekara miliyan 145 da suka wuce, ya ƙare shekara miliyan 66. Sunan ya samo asali daga kalmar Latin mai nufin alli, don haka a nan za a kira shi Zamanin Alli. A lokacin, dunƙulalliyar nahiyar nan ta Panjiya, wadda Alfred Wegener ya yi bayaninta a littafinsa na 1915, tana kan tsagewa. Afirka na rabuwa da Amurka ta Kudu, Indiya ta zama tsibiri, duwatsun Himalaya kuwa ba su taso ba tukuna. Taswirorin wannan zamani suna samuwa, musamman waɗanda Christopher Scotese ya tsara.

Abin da ya fi bambanta zamanin da namu shi ne ruwa. Duniya ta yi ɗumi, har kurmi ya tsiro a Antatika, teku kuma ta cika ta malala kan nahiyoyi. Wani reshenta ya raba Amurka ta Arewa biyu. Wani kuma ya keto Sahara daga arewa har ya haɗu da mashigin Gini, ya bi ta ƙasashen da a yau ake kira Mali da Nijar da Nijeriya. Shaidar haka tana nan a ƙasar Sakkwato, inda aka tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Ke nan marubuci zai sami duniya mai yawan gaɓa da tsibirai da tekuna marasa zurfi, irin wadda jirgin ruwa ya fi raƙumi amfani a cikinta.

3.0 Aikin Zane

Da farko mai zane zai so ya ɓad da sawu, don kada mai karatu ya gane Afirka da kallo ɗaya. A nan ne ake yawan kuskure. In aka kifa taswirar kamar a madubi, arewa ta koma kudu, gabas tana nan gabas, to yanayin kowane yanki bai sauya ba. Amma in aka juya ta har gabas ta koma yamma, lissafi ya tashi, domin a yankunan zafi iskar da ke ɗauko ruwa daga gabas take busowa. Gaɓar da take da dausayi sai ta bushe, busasshiyar kuma ta sami damina. In kuwa aka kwantar da ita a gicciye, sai a sake komai daga tushe.

Bayan haka sai duwatsu. Wurinsu shi ne inda faifan ƙasa biyu suka yi karo, inda suka rabu kuma kwari ake samu, kamar kwarin Binuwai da ya samu lokacin buɗewar tekun Atilantika. Gefen dutsen da ke fuskantar iska shi ke samun ruwa, bayansa ya zama fako. Koguna su ake zanawa daga baya: suna gangarowa suna haɗuwa, ba safai suke rabuwa ba sai sun kusa shiga teku.

4.0 Abin da Aron ke Jawowa

A ganinmu, nan ne wahalar take. Wanda ya ari ƙasar zamani ya ari tsirranta. A Zamanin Alli ne tsirrai masu fure suka yaɗu, amma faffaɗan filin ciyawa bai bayyana ba sai bayan miliyoyin shekaru. Gero da dawa da shinkafa duk dangin ciyawa ne, kiwon shanu ma a kanta ya dogara. Saboda haka in marubuci ya zaunar da mutane a wannan duniya, tilas ya faɗi abin da suke ci, ko kuma ya shigo da ciyawa da gangan, ya san ya yi. Harshen mutanen ma haka: al'ummar da ba ta san rumbu ba, ba za ta yi karin magana da shi ba.

Kalanda ma tana shiga ciki. Binciken da aka buga a 2020 kan ɓawon wata dabbar ruwa ya nuna cewa kimanin shekara miliyan 70 baya, kwana ɗaya awa 23 da rabi ne, shekara kuma kwana 372.