Zaman Ritaya a Garuruwan Karkara na Ƙasar Hausa: Matsayin Zaure da Majalisa

1.0 Gabatarwa

Ritaya baƙuwar aba ce a rayuwar Bahaushe, kalmar kanta ma ta nuna haka, domin ararriya ce daga Ingilishi kamar 'yan'uwanta fansho da garatuti. Kafin zuwan Turawa ba a yanka wa manomi ko maƙeri ko malami ranar da zai ajiye sana'arsa. Abin da aka sani shi ne ƙarfi ya riƙa ja da baya, 'ya'ya su riƙa karɓar aiki a hankali. A tsarin gandu, wanda Polly Hill ta yi bayaninsa a littafinta na 1972 a kan Batagarawa ta ƙasar Katsina, uba yakan ci gaba da riƙe gona da rumbu, 'ya'ya suna noma a ƙarƙashinsa, har mutuwa ko rabuwar gandu ta zo. Kalmar murabus kuwa ta masu sarauta ce, kamar yadda ake cewa Sarkin Kano Muhammadu Sanusi ya yi murabus a 1963 ya koma Azare da zama.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a dubi yadda ma'aikacin da ya ajiye aiki ya koma garinsu yake tafiyar da yininsa, a kuma nuna cewa zaure da majalisa su ne suka samar masa gurbi a cikin al'adar da ba ta san da irinsa ba a da.

2.0 Asalin 'Yan Fansho

Ma'aikatan albashi sun fara samuwa ne bayan Ɗan Hausa ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, sauran makarantu suka biyo baya, aka shiga samun akawuna da malaman makaranta da na asibiti da na gona a ƙarƙashin En'e da gwamnati. An kafa dokar fansho a 1951, aka sabunta ta da doka mai lamba 102 ta 1979. A 2004 aka kawo tsarin karo-karo, watau ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki su riƙa zuba wani kaso kowane wata, aka kuma yi masa gyara a 2014. Ƙa'idar da ta shafi yawancin ma'aikatan gwamnati ita ce mutum ya sauka in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa.

Ma'anar wannan ita ce, wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20 zai bar shi yana da 55, da sauran ƙarfinsa. Wasu ma ba su kai nan ba, domin a 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami dubban ma'aikata ba shiri. To, ga mutum bai tsufa ba, ba shi da ofis, ba shi kuma da gandun da zai riƙe. Irin wannan ne garuruwan karkara suka fara karɓa.

3.0 Komawa Gida

Dalilan komawa sanannu ne. Dole a bar gidan gwamnati, zaman birni yana da tsada, ga gonar gado da kangon iyaye suna jira, ga kuma burin mutum ya kwanta inda kakanninsa suke kwance. Ko manya ba su kauce wa wannan hanya ba. Garin Shagari aka mai da Alhaji Shehu Shagari bayan an sako shi daga tsare a 1986. Muhammadu Buhari kuwa Daura ya nufa ranar da ya miƙa mulki a 2023, a can kuma aka binne shi a 2025.

Amma fa tarbar da mutum zai samu ta danganta ga abin da ya shuka tun yana kan kujera. Wanda ya riƙa zuwa gida da salla, ya halarci ta'aziyya, ya ɗauki 'ya'yan dangi ya sa a makaranta, shi ne zai tarar da zaurensa a cike. Wanda ya yanke ƙafa shekara talatin kuwa, a kansa ake faɗin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Za a gaishe shi a hanya cikin ladabi, amma ba za a zauna ba.

4.0 Tsarin Yini da Majalisa

Agogon ofis ya daina aiki, lokutan salla su ne suke raba yini. Bayan asuba akan yi ɗan karatu a masallaci, sannan a saurari labarai. Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da Rediyon Kaduna sun daɗe suna ba dattawa abin tattaunawa. Da hantsi mai gida yakan leƙa gona ko garke, ko ya zaga gaisuwar marasa lafiya. Daga la'asar zuwa magariba lokacin majalisa ne.

Majalisa kalmar Larabci ce da Hausa take amfani da ita ga zaman sarki da 'yan majalisarsa, da zauren masu yin doka, da kuma wurin hirar tsara. Ta ƙarshen ce ta shafe mu. Takan kasance a dakalin ƙofar gida, ko gindin darbejiya, ko gefen masallaci. Ba ta da rubutacciyar doka, amma kowa ya san mazauninsa, an kuma san wanda ake jira kafin a buɗe wata magana. A nan ake raba goro, a yi dara, a yi wasan taubasai, a bi farashin taki da na hatsi, a sanar da ɗaurin aure da suna da rasuwa. Bayan magariba akan yi ciyayya, kowa a fito da kwanonsa daga gida a haɗu a ci. Wannan al'ada tana da fa'idar da ba a faɗi: ranar da gidan wani bai ɗora tukunya ba, zai ci ya ƙoshi, ba kuwa wanda zai tanka.

A majalisa ne tsohon ma'aikaci yake sake koyon zama da mutane. Abokin da suka yi allo tare, wanda bai yi boko ba, zai kira shi da sunan ƙuruciya ya kuma musa masa magana, abin da akawunsa bai taɓa yi ba. Wanda ya jure wa wannan ya zama ɗan gari. Wanda ya ce sai an tashi masa kamar a ofis, zai ga majalisa ta koma wata inuwa.

5.0 Baƙi da Sigogin Girmamawa

Masu sallama a zauren ɗan fansho iri uku ne. Na farko abokan aiki na da, waɗanda sukan zo daga nesa, musamman ranar kasuwa ko ranar Juma'a, a sha fura a tuna baya. Na biyu masu buƙata: wannan a karanta masa takardar kotu, wancan a rubuta wa ɗansa takardar neman aiki, wani a raka shi wurin hakimi. Na uku masu kawo amana, watau sasanta ma'aurata, da shaidar iyakar gona, da walicci, da riƙon kuɗin ginin masallaci ko na ƙungiyar ci-gaban gari. Ta haka gari yake ba shi sabon aiki wanda ba albashi, ladansa mutunci.

Abin lura ga masu nazarin harshe shi ne yadda muƙami yake zama suna. Mutum ya bar aiki shekara ashirin amma ana kiransa Hedimasta, ko Alƙali, ko Sakatare, ko Samanja, har jikoki su tashi ba su san sunansa na yanka ba. Wannan ya dace da al'adar sakaya sunan babba. Tsohon ɗalibi zai durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, mun same ku lafiya?" Tsohon masinja zai ce "Ranka ya daɗe". Yaran unguwa za su ce Baba, jika kuwa ya shigo da wasa. Jam'in girmamawa, watau ku a maimakon ka, ba ya sauka tare da kujera. Haka nan kalmar tsoho tana da harshen damo: tsohon alƙali yana iya zama alƙali mai shekaru, ko wanda ya taɓa yin alƙalanci, shi ya sa ake ƙara "mai ritaya" don a fayyace.

Matan da suka yi aikin koyarwa ko jinya su ma suna da tasu majalisa, sai dai a cikin gida take. Barka da biki da adashi da makarantar Islamiyya su ne suke haɗa su, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti kuwa ita ake tasa da dare in naƙuda ta yi tsanani.

6.0 Abubuwan da ke Raunana Wannan Zama

Baƙo ba ya tashi hannu wofi, ko da goro ne. Saboda haka jinkirin biyan fansho ba cikin mutum kaɗai yake taɓawa ba, har da zaurensa. Tsarin mulki na 1999 ya tanadi a sake duba fansho duk bayan shekara biyar, amma an sha ganin dattawa suna tafiya babban birnin jiha don tantancewa, su yini a layi, kuɗin da za su karɓa kuma tsadar kaya ta riga ta cinye shi. Wanda ya kasa fitar da kwano, kunya takan sa ya daina fitowa.

Na biyu shi ne sauyin gini. Zaure ɗaki ne da ke tsakanin gida da waje, kowa yana iya sallama ya zauna ba tare da ya keta hurumin iyali ba. Gidan zamani mai katanga da ƙofar ƙarfe da falo sai wanda aka gayyata. Na uku, rashin tsaro a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna tun daga shekarun 2010 ya sa wasu sun fasa komawa gida, domin ɗan fansho mai 'ya'ya a birni abin nema ne ga masu garkuwa da mutane. Wayar hannu ta sauƙaƙa gaisuwa, amma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

7.0 Kammalawa

An ga yadda zaure da majalisa suka mai da ma'aikacin da gwamnati ta sallama dattijon gari mai amfani. Akwai aiki a nan ga malamai da ɗalibai masu neman babban digiri. Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashin En'e kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 sun kusa ƙarewa, a bakinsu kuma akwai tarihin mulki da tsofaffin kalmomin ofis da salon gaisuwa waɗanda ba a rubuta ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi su tura ɗalibai garuruwansu da na'urar ɗaukar magana, su yi sallama a waɗannan zauruka tun masu su suna iya amsawa.