Aure a Ikko, Mazauni a Amurka

Ba'amurken da ke zaune a Ikko, ko haifaffen can ne ko mutumin Kano da ya sami takardar zama ɗan ƙasa, in ya yi aure a nan yana iya nemar wa matarsa bizar ƙaura. Da takardar I-130 ake farawa, wadda ke tabbatar da auren.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardar I-864, watau alkawarin ciyarwa. Miji zai sa hannu cewa matar ba za ta zama kaya a wuyan gwamnati ba, kuma samunsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na Amurka. Albashin Ikko galibi ba a lissafa shi, tunda zai yanke ranar da aka tashi. Ɗan'uwa a can yana iya tsaya masa kan kuɗi, amma batun mazauni ba mai tsaya masa. Dole ya nuna bai yar da zamansa na Amurka ba, ko kuma zai koma kafin matar ko tare da ita. Takardun haraji, ajiyar banki da hayar gida duk shaida ne.

Abin da kan raba ma'aurata watanni ke nan: miji can, mata nan tana jiran kiran ofishin jakadanci na Victoria Island. Mai mata biyu kuwa, uwargida kaɗai dokarsu ta sani.

A Disambar 2025 Shugaba Trump ya sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar ƙaura.