Hukuncin Kawar da Mushe da Warinsa daga Gida: Tsakanin Babin Tsarki da Haƙƙin Maƙwabci

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ya hau kan Musulmi idan dabba ta mutu a gidansa, bisa mazhabar Imamu Malik, tare da kawo ra'ayin sauran mazhabobi inda akwai buƙata. Ta nuna cewa mas'alar ta rabu gida biyu. A babin tsarki hukunci yana bin jikin najasa ne, wari kuwa alama ce kawai. A babin cutarwa kuma warin kansa abin tuhuma ne, har alƙali yana iya hukunci a kansa.

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Da wuya a sami gidan da bai taɓa wayar gari da mushen ɓera a silin, ko kaza a rijiya, ko ɗan akuya a turke ba. Yawanci wari ne ke fara kai labari, daga nan tambayoyi su biyo baya: shin salla ta inganta a ɗakin? Ruwan randa ya lalace? Man gyaɗan fa, a zubar ko a tace? Mutane kan kasu biyu a nan. Wasu su tsananta, su zubar da abin da Shari'a ba ta ce a zubar ba. Wasu kuma su wanke gidansu fes, sannan su jefa mushen a kwata ko bayan katangar maƙwabci, suna ganin sun sauke nauyi. Duka biyun sun samo asali ne daga cakuɗa babuka biyu da malaman fiƙihu suka rarrabe.

Mushen da yake najasa da wanda ba najasa ba

Mushe shi ne dabbar da ranta ya fita ba ta hanyar yankan Shari'a ba. Alƙur'ani ya haramta cinsa a wurare huɗu: Baƙara aya ta 173, Ma'ida aya ta 3, An'am aya ta 145, da Nahli aya ta 115. Amma haramcin ci daban, hukuncin najasa daban. Malikawa sun kasa matattun dabbobi kashi uku.

Kashi na farko dabbar tudu mai jini mai gudana, kamar ɓera da gafiya da jaɓa da kyanwa da kaza da tunkiya. Mushenta najasa ne, haka duk wani ruwa da ya fito daga jikinsa. Masu sharhin Mukhtasar na Shaihu Khalil sun sanya tsaka da ƙadangare a wannan kashi, domin suna da nama da jini. Na biyu abin da ba shi da jini mai gudana, kamar ƙuda da kyankyaso da kunama da tururuwa. Wannan mai tsarki ne ko ya mutu. Na uku dabbar ruwa, kamar kifi, ita ma mai tsarki ce. Saboda haka wanda ya tsinci mataccen kyankyaso a butarsa alwalarsa tana nan, kuma ruɓaɓɓen kifi, duk tsananin ɗoyinsa, bai najasta wurin da yake ba.

Wari alama ce

Misalin kifi ya isa ya nuna cewa ba a auna najasa da hanci. Akwai mai ɗoyi da yake da tsarki, akwai busasshen ƙashin mushe marar wari da yake najasa a mash'hurin mazhaba. Malikawa sun ƙara fito da wannan a mas'alar da suke kira canzawa ta maƙwabtaka: idan mushe yana yashe a gefen tafki, iska ta ɗauko warinsa har aka ji shi a ruwan, alhali jikinsa bai taɓa ruwan ba, ruwan yana nan mai tsarki mai tsarkakewa.

Masana kimiyya sun bayyana asalin warin. Da zarar dabba ta mutu, ƙwayoyin bakteriya da ke cikin hanjinta suna fara narkar da namanta, suna fitar da iska iri-iri. Ita ce ke kumbura cikin mushe, ita ce kuma hanci ke ji. Zafi yana gaggauta wannan aiki, shi ya sa mushen bazara ya fi na hunturu saurin tashi, kuma ƙwan da ƙuda ya saka a kansa kan zama tsutsa cikin kwana ɗaya.

Abin da ya biyo baya a hukunci shi ne, wanda ya yi salla a ɗakin da ɓera ya mutu a silin ɗinsa, sallarsa ta inganta matuƙar jikinsa da tufafinsa da wurin da gaɓoɓinsa ke taɓawa suna da tsarki. Sai dai idan ruwan mushen ya ɗigo, to wurin da ya ɗiga ya najasta. Turaren wuta kuma ba ya tsarkake komai, rufe alamar kawai yake yi ya bar abin da ta nuna.

Idan ya mutu a ruwa

Asali a wurin Imamu Malik shi ne ruwa ba ya najasta sai launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza da najasar da ta cakuɗa da shi. Daga hujjojin mazhaba akwai hadisin Abu Sa'idul Khudri a kan rijiyar Buda'a ta Madina, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Don haka rijiyar da dabba ta mutu a cikinta tana da hali biyu.

Idan ruwan ya canza, ya najasta. Ba a alwala da shi, ba a wanka, ba a girki. Za a fitar da mushen, a yi ta kwarfar rijiyar har canjin ya gushe. Wanda ya tabbata ya yi alwala da ruwan bayan ya canza, zai sake sallolin da ya yi da wannan alwala.

Idan bai canza ba, ruwan yana da tsarki, amma mustahabbi ne a ɗebi wani abu daga cikinsa gwargwadon girman dabbar da yawan ruwan, har rai ya natsu. Malamai sun ce dalili shi ne danshin da ke fita daga dabba lokacin fitar rai, shi ya sa ba su nemi ɗiban ba idan ta mutu a waje sannan ta faɗa aka cire ta. Wasu masu sharhi har sun ja hankalin mai ja da kada ya cika guga, domin maiƙon da ke yawo a sama kada ya malalo ya koma rijiya. Wannan hukunci ya haɗa da tankin ruwa da kwatarniya babba. Ruwa kaɗan kuwa, kamar na buta, Ibnu Abi Zaid (ya rasu 386 bayan Hijira) ya tafi a Risala a kan najasa kaɗan tana lalata shi ko bai canza ba, mash'huri kuma shi ne makaruhi ne a yi tsarki da shi idan akwai wani.

Hanafawa sun ƙayyade adadi: guga 20 zuwa 30 domin ɓera, 40 zuwa sama domin kaza ko kyanwa, ruwan duka domin akuya ko kare, ko duk dabbar da ta kumbura ko ta dagargaje. Shafi'awa kuma sun sanya ma'aunin tulu biyu manya, abin da bai kai shi ba yana najasta da taɓawa kawai. Ya kamata a lura cewa duk wannan magana ce a kan tsarkin ibada. Ruwan da ya halatta a yi alwala da shi yana iya ɗauke da cuta, don haka na sha sai a tafasa shi ko a sa masa sinadarin kulorin.

Idan ya mutu a abinci

Tushen babin shi ne hadisin Nana Maimuna, Allah Ya yarda da ita, a Muwaɗɗa da Sahihul Bukhari, inda aka tambayi Annabi (SAW) game da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu, ya yi umarni a jefar da shi da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran. Mafi yawan malamai sun ɗauki wannan a kan daskararren mai. Mai ruwa-ruwa kuwa, kamar man gyaɗa da narkakken manja da zuma da kunu, a wurin Malikawa duka ya najasta ko bai canza ba, domin abinci ba shi da ƙarfin tunkuɗe najasa irin na ruwa. Sahnun (ya rasu 240 bayan Hijira) ya ƙara da cewa ko daskararre ne, idan mushen ya daɗe a ciki, duka ake zubarwa. Imamuz Zuhri da Ibnu Taimiyya sun saɓa, suna ganin mai ruwa-ruwa ma ba ya najasta sai ya canza.

Hana ci bai zama asarar dukiya gaba ɗaya ba. Mazhaba ta bambanta tsakanin abin da shi kansa najasa ne da abin da najasa ta shafa. Na biyun ana amfana da shi a wajen masallaci da wajen cin ɗan Adam. Mai sana'ar ƙuli-ƙuli da ɓera ya mutu mata a garwar mai tana iya yin sabulu da shi. Abin da bai halatta ba shi ne ta tace ta kai kasuwa a matsayin man girki.

Wanke wuri da tufafi

Mataki na farko ɗauke jikin najasa, na biyu wankewa da ruwa tsantsa har ya riƙa fita ba canji. Ɗanɗanon najasa dole ya gushe, amma launi da warin da suka yi wuyar fita an yi rangwame a kansu. Wanda ya wanke darduma sosai, ɗan wari ya saura, ta tsarkaka. Ƙasa da daɓe ana tsarkake su da kwarara ruwa mai yawa, bisa hadisin Anas a kan Balaraben ƙauyen da ya yi fitsari a masallaci. Bushewa kaɗai ba ta tsarkake ƙasa a wurin Malikawa, saɓanin Hanafawa. Busasshen mushe da ya taɓa busasshen tufa bai najasta shi ba. Idan aka yi shakka ko najasar ta sami tufa, yayyafa ruwa ya wadatar.

Akwai abin da mutane da yawa ke gafala da shi. Ruwan da aka haɗa da Omo ko Izal ko bilic har ya canza ya fita daga ruwa tsantsa. Yana kawar da jikin najasa, yana kashe ƙwayoyin cuta, amma hukuncin najasar yana nan. Tsarin da ya haɗa maslaha biyu shi ne a fara da sinadari, a rufe da ɗauraya da ruwa zalla.

Ina za a kai mushen?

A nan ne babi na biyu ya shigo. Sayar da mushe haramun ne, bisa hadisin Jabir na shekarar buɗe Makka, 8 bayan Hijira, kuma kai naman mushe wurin masu tsire ya haɗa haramci da ha'inci. Fatarsa idan aka jeme ta, mash'hurin Malikiyya ya yi rangwamen amfani da ita a busassun abubuwa da ruwa, ban da salla a kanta da sayar da ita, Shafi'awa da Hanafawa kuwa suna ganin jima tana tsarkake ta.

Jefa mushe a hanya ko kwata ko kangon unguwa ya ci karo da nassoshi da dama. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. An hana wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa kusantar masallaci saboda warinsu, alhali halal ne masu tsarki. Shaihu Khalil kuma, a babin tarayya, ya kawo cewa alƙali yana hana maƙwabci hayaƙi da warin da ke cutar da na kusa da shi, ya buga misali da warin majema. Idan sana'ar halal ana hana ta saboda wari, mushen da ba shi da wani amfani ya fi cancanta. Nauyin kawar da shi yana kan mai dabba ko mai gida. A da ungulu kan rage wannan aiki a garuruwanmu, amma ta yi ƙaranci, har a 2015 aka sanya ungulun da ke zama kusa da mutane cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

Mafi dacewa shi ne binnewa a rami mai zurfin da kare ba zai tono ba, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a zuba toka ko farar ƙasa kafin a mayar da ƙasa. Babbar dabba tana buƙatar zurfin kimanin mita biyu.

Kariyar mai ɗauka

Kare rai yana cikin manufofin Shari'a, kuma wasu mushen suna kisa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ɓera ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa. Kada a ɗauki mushen ɓera da hannu tsirara, kada a tura yaro. A sa safar hannu ko leda, a jiƙa shi da wurin da bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, a guji sharar wurin a bushe, sannan a wanke hannu da sabulu. Kada a gauraya bilic da wani sinadari, domin yana iya fitar da iska mai guba.

Saniya ko tunkiyar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci ko baki ko dubura, kada a feɗe ta ko don fata, domin alamar cutar antiraks ce, wadda aka tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja a Yulin 2023, kuma ƙwayoyinta kan yi shekaru da dama a cikin ƙasa. Haka kajin da suka mutu da yawa lokaci guda, tun ɓullar murar tsuntsaye a Jihar Kaduna a 2006. A irin waɗannan sai a kira likitan dabbobi. Tarko kuma ya fi maganin ɓera, domin wanda ya ci guba yakan mutu a rami ko silin inda hannu ba ya kaiwa, kyanwar da ta ci shi ma tana iya bin sa. Idan an rasa hanyar fito da shi, sai a buɗe tagogi, a ajiye gawayi a wurin har ya bushe.

Kammalawa

Mai ba da fatawa a wannan babi zai fara da tambayoyi uku: wace dabba ce, me jikinta ya taɓa, kuma ina aka kai ta. Ta farko da ta biyu suna warware hukuncin salla da ruwa da abinci, kuma akasari amsarsu ta fi sauƙi a kan yadda mai tambaya ya zata. Ta uku ita ce ake yawan mantawa da ita a darussan tsarki, alhali haƙƙin bayi ne, wanda ruwa ba ya wanke shi. Ya dace malamai masu karantar da Risala da Mukhtasar su riƙa haɗa wa ɗalibai babukan biyu a zama ɗaya, limamai kuma su tuna da su a huɗuba, musamman a bazara da farkon damina. Allah ne Mafi sani.