Gambo Sawaba da Ƙuri'ar Iyayenmu Mata

Duk ranar zaɓe a nan Bomo da Samaru mukan ga iyayenmu mata a layi tun da sanyin safiya, wata da goyo, wata da 'yar kujerarta a hannu. Yaranmu suna tsammani haka abin yake tun kaka da kakanni. Ba haka ba ne. A babban zaɓen 1959, wanda ya kai ƙasar nan ga mulkin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, amma doka ba ta yarda wa ko mace ɗaya a Jihar Arewa ba. Dokar kuwa ba ta tambayi addinin kowa ba. Malamar makarantar mishan a Wusasa, da mai jinya a asibiti, da shugabar Zumuntar Mata a Jos ko Numan, duk a gida suka zauna tare da matan kulle na cikin birnin Zariya.

Wadda ta fi kowa shan wuya a kan wannan magana maƙwabciyarmu ce, a Sabon Gari ta tashi. An haife ta a 1933, sunanta na yanka Hajaratu, aka kira ta Gambo domin ta biyo tagwaye. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. Karatunta bai wuce firamare ba, aka yi mata aure tana da shekara 13. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, ta shiga tana da shekara 17, ba da jimawa ba ta zama shugabar mata. Kirarin jam'iyyar shi ne sawaba, shi ya bi ta har ya zama sunanta.

Abin da take nema ba wani abin mamaki ba ne a kunnenmu yau: a bar mata su yi zaɓe, a sa 'ya'ya mata makaranta, a daina aurar da yarinya ba ta isa ba, a daina aikin tilas. Amma a zamanin En'e, mace ta hau dandamali ta faɗi haka a gaban maza laifi ne babba. An kama ta a Kano, aka ɗaure, daga baya aka hana ta zama a garin. An yi mata bulala, an aske mata kai, 'yan bangar siyasa sun yi mata dūka. Masu ba da tarihinta sun ƙirga ɗauri 16. Ta je har Abeokuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta riga ta gogewa a gwagwarmayar mata, domin ta ƙaru da ita.

A waɗannan shekarun ne kuma baƙaƙen fata na Amurka suka tashi, labarinsu kuwa zai taimake mu mu auna namu. Ran 1 ga Disamba 1955, a garin Montgomeri na jihar Alabama, aka kama Rosa Parks domin ta ƙi tashi ta ba Bature wurin zamanta a bas. Mata ne suka kwana suna buga takardun kira a ƙaurace wa motocin. Bayan kwana huɗu jama'a suka cika majami'ar Baftis ta titin Holt, wani fasto mai shekara 26, Martin Luther King, ya yi musu magana. Kwana 381 suka yi suna tafiya aiki da ƙafa. Ikilisiyoyi suka tara baiko, aka sayi motocin ɗaukar tsofaffi. An jefa bam gidan faston a Janairu 1956, ya fito ya roƙi jama'a kada su rama. A ƙarshen shekarar kotun ƙoli ta ƙasar ta soke dokar wariya a cikin bas.

To, ga inda labarin biyu suka rabu, kuma nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Rosa Parks tana da ikilisiya a bayanta. Baƙaƙen fata su suka gina majami'unsu, su ke biyan fastocinsu, saboda haka babu Baturen da zai kori fasto daga aiki in ya faɗi gaskiya. A nan kuwa yawancin ikilisiyoyinmu suna hannun mishan a lokacin, zaman mishan a ƙasar sarakuna kuma da iznin gwamnatin Turawa ne. Mun san yadda aikin Dokta Miller ya tashi daga cikin birnin Zariya ya koma Wusasa wajen 1929. Wanda yake zaune da izni yakan yi kaffa-kaffa da bakinsa.

Ba mu ce Kirista ba su shiga sha'anin ƙasa ba. Dokta R. A. B. Dikko, ɗan Wusasa, likita na farko daga Arewa, shi ne shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu a 1949, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A Filato, Fasto David Lot yana cikin jagororin masu neman a ji muryar ƙananan kabilu. Amma hankalin shugabanninmu ya fi karkata ga batun yanki da kujerun majalisa. Ƙuri'ar mata, wadda ta shafi rabin masu zama a bencin sujada ran Lahadi, Musulma ce 'yar Sabon Gari ta shiga kurkuku dominta. Mu dai a ganinmu wannan bashi ne a kanmu, ba mu kuma cika ambatonsa ba.

A Nuwamba 1960 King ya zo Legas bikin rantsar da Dokta Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. Ya ga ƙasa mai murnar 'yanci, alhali matan yankin da ya fi kowane girma ba su da ƙuri'a. Mutanensa sun sami dokar kare 'yancin zaɓe a 1965. Iyayenmu sai da suka ƙara jira har zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, a ƙarƙashin gwamnatin soja, sa'an nan babban zaɓen 1979. Macen da take da shekara 25 a 1959 ta kai 45 kafin ta fara zaɓen shugaban ƙasa. Irinsu kaɗan ne suka rage a ikilisiyoyinmu. Matasa, in kuna da su, ku je ku gaishe su, ku tambaye su yadda ranar ta kasance.

Hajiya Gambo ta ga wannan rana da idonta. A Jamhuriya ta Biyu ta zama mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim. Ta rasu a Zariya a watan Oktoba 2001, tana da shekara 68. Babban asibitin da ke Ƙofar Gayan, inda matanmu da yawa suke zuwa awo da haihuwa, sunanta aka sa masa.