Maƙeran Gaya da Daular Inka

Tarihin baka ya ce wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya, ya zauna gindin Dala saboda tama. Zuriyarsa su ne Abagayawa. Baƙin ƙarfen nan shi ya ba manomi fartanya, ya ba mayaƙi takobi.

A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, mutanen Inka na mulki a Peru, can Kudancin Amurka. Sun fasa hanyoyi cikin duwatsu. Sun cika rumbunan sarki da masara da busasshen dankali saboda shekarar yunwa. Amma duk gwanintarsu, ba su san baƙin ƙarfe ba, sai tagulla da zinariya. A 1532 Turawan Sifen, ko 200 ba su kai ba, suka zo da takubba da dawakai da bindigogi, suka kama sarkinsu Atahualpa.