Daga Takardar Zane Zuwa Dandalin Disneyland

Asalin Disneyland wani ɗan kamfanin majigin zane ne da Walt Disney da wansa Roy suka kafa a Los Angeles ta Amurka cikin 1923. Mickey Mouse ya fito da sunansu a 1928, sa'an nan a 1937 suka mai da wata tatsuniyar Jamusawa, watau Snow White, dogon fim. Daga bisani Walt ya ƙudura gina wurin da yara da iyayensu za su shiga tatsuniya da ƙafafunsu. Da kuɗi suka gaza, sai kamfanin talabijin na ABC ya zuba jari. Aka buɗe dandalin a Anaheim ran 17 ga Yuli, 1955. Ta haka tatsuniyar da dā ake ji kyauta ta zama sai an biya a bakin ƙofa.